Tafasar Bayan Aji

A wata damina cikin shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, ina koyarwa a firamaren Ɗanzomo. Burina ɗaya ne, a tura ni Kano ƙaro ilimi. Wannan kuwa ba ya samuwa sai mai duba makarantu ya zo daga Gumel ya ga darasinka ya yaba.

Darasin da na tanada a kasuwar Maigatari na tsince shi, a shafin wata mujallar Turanci da aka naɗe mini balangu. Inda maiƙo bai ci ba, na karanta cewa akwai wani haske gaba da launi na ƙarshe a bakan gizo, idon ɗan Adam ba ya ganinsa, amma ƙwari suna gani. Wai malam-buɗe-littafin nan masu ruwan ɗorawa da muke gani duk iri ɗaya, fiffiken namijin yana walƙiya da wannan hasken, da shi macen ke gane shi. Sauran bayanin ya bi albasa da yaji.

A bayan ajina tafasa ta tsiro da kanta ta yi fure, nan ne majalisar irin waɗannan malam-buɗe-littafin. A kan wani fure na tarar da farin gizo-gizo, ba ya saƙa, zaune kawai yake ya ware hannuwa. Fari a kan rawaya, ko mai dundumi ya gan shi. Amma furensa ya fi kowanne samun baƙi, kuma wanda ya sauka ba ya tashi. Na ce a raina, shi ma wata fitila yake kunna musu da ba ma gani. Hujja ba ni da ita, amma in na jera yara a gindin tafasar, su da mai dubawa za su ga abin mamakin da idonsu.

Abin da na manta shi ne yadda muke tarbar manya. Ana gobe mai dubawa zai zo na hau keke zuwa Sule Tankarkar aron gilashin ƙara girma wajen malamin asibiti. Kafin in dawo hedimasta ya sa kowane ɗalibi ya kawo fartanya. An shafe duwatsu da farar ƙasa, har darbejiya an sa mata farin wando. Bayan ajina kuwa fes, kamar filin Idi.

"Ranka ya daɗe, ina tafasata?"

"Tafasarka? Gadonta ka ci?" in ji hedimasta. "Haba Malam, baƙo ya zo daga Gumel ya tarar da mu cikin daji? Ganyen na gidana, in kwaɗo kake so."

"Akwai gizo-gizo a kanta."

"Wallahi ba mu kashe shi ba. Wa zai kashe wanda ya rufe bakin kogo? Na sa an kai shi jikin darni da mutuncinsa."

Na bi darnin nan kara-kara har aka kira magariba. Gizo-gizo na nan jingim, ban da nawa.

Washegari na tsaya da alli da gilashin aro. Na zana furen da mai shi a allo, 'ya'yan Fulanin ajin suka ce kaska ce. Na yi bayanin hasken iyakar ƙoƙarina. Mai dubawa, wani dattijo mai ladabi, ya jira na gama.

"Malam, hasken nan kai ka taɓa ganinsa?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai ba a ganinsa."

"Yaran fa?"

"Su ma haka."

"To madalla. Abin da ake gani ma ba su gama da shi ba."

Ya yaba tsabtar makarantar ƙwarai, musamman bayan azuzuwa.

Malamin aji uku aka tura Kano. Shi darasinsa sassan jikin akuya ne, kuma ya jawo akuyar har cikin aji, ta yi abin da ta saba a gaban baƙo, aka ce darasi ya yi armashi.

Da damina ta zagayo tafasar ta dawo, na kewaye ta da ƙaya, na gargaɗi hedimasta. A shekarar nan mai dubawa da rani ya zo.