Jitar da Muka Shanya a Rana

A shekarar da cocinmu ta sayi jitar bes, mai kaurin murya, ni aka damƙa wa ita. Na daɗe ina bin mawaƙa da wata tsohuwar jita ta aro, kuma yatsuna masu kauri ne, irin na mai riƙon fartanya, sun dace da manyan wayoyi. A Zariya muka saye ta, damina na ƙarewa. A cikin shago na taɓa ta da hannuna, muryarta ta fita sumul, har a ƙirji nake jin ta. Muka sa ta a mota zuwa Malumfashi, daga nan na goya ta a babur zuwa ƙauyenmu.

Ranar gwaji na farko, ina danna wayar da ta fi kauri a kusa da kan jitar, sai na ji zzzz, kamar ƙudan zuma a gwangwani. Wayar ce take gogar ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar. Shugabar mawaƙanmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Wa ya shigo mana da injin niƙa?" in ji ta.

Aka kwashe da dariya. Da aka tashi ta ja ni gefe ta ce, "Bikin godiyar kaka ya matso. In ƙarar nan ba ta tafi ba, mai kibod zai yi mana bes da hannun hagu, kai kuma ka koma cikin masu tafi."

Na kai jitar wurin yayana, wanda ya yi kiɗan garaya tun yana saurayi. Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa bayanta.

"Sanyin damina ne ya kama ta. A shanya ta."

"Yaya, ai ba ta da fata."

"Itace ba ya jin sanyi? Ƙofar ɗakinka ba ta kumbura da damina?"

Tana kumbura kuwa. Kuma na sha ganin garayarsa ta yi laushi, ya ajiye ta a rana, ta dawo tana magana tar. Saboda haka muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka kwantar da jitar kusa da barkonon da matata ta baza. Matar tawa ta fito daga madafa ta tsaya tana kallonmu.

"Ita ma dakawa za a yi in ta bushe?"

Da la'asar jitar ta yi zafi har ba ta taɓuwa, wayoyin duk sun sauka daga muryarsu. Na gyara su na gwada. Ƙarar tana nan. Yaya ya ce rana ce ba ta ishe ta ba, a ƙara gobe. Na ce to, amma na shigar da ita ɗaki.

Maƙwabcina mai gyaran babur shi ya lalubo ƙananan makullai masu lanƙwasa a aljihun jakar jitar, ya ce alanki ne. Ya kuma gano wani rami a kan jitar, inda babban makullin ke shiga daidai.

"Malam, duk abin da ke kaɗawa ɗauri yake so," in ji shi.

Wannan ma gaskiya ce. Haka garma take, haka keke. Ya zura makullin ya murɗa. Na gwada, sai ga wayoyin duka sun kwanta a kan ƙarafan, babu mai fitar da murya. Ya ce bai kai ba ne, ya sake kama makullin. Na riƙe masa hannu.

Washegari na hau tudun bayan gari, inda waya ke samun sabis, na kira mai shagon na ba shi labari.

"A rana? Baba, jitar kuka shanya?" Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce akwai doguwar sandar ƙarfe a cikin wuyan, ita makullin ke murɗawa. Ya ce in danne waya a ƙarfen farko da na ƙarshe, in duba tsakiya. In babu ɗan sarari kamar kaurin katin waya, to wuyan ya miƙe da yawa.

"Miƙewa laifi ce?" na tambaye shi.

"A nan laifi ce. So ake ya ɗan lanƙwasa. Sassauta za ku yi, kaɗan kaɗan, ku bar ta ta kwana."

Na sauko ina ta juya maganar. Sabon abu, miƙaƙƙe sak, wai sai ya karkace zai yi daidai. Abu yana kaɗawa, wai a sassauta shi. Ban gane ba, amma na yi. Kowace safiya kafin in tafi yankan dawa nakan murɗa makullin ɗan kaɗan, saɓanin yadda maƙwabcina ya yi. In na dawo sai in daidaita wayoyin da wata manhaja a wayar hannu, tana jin muryarsu tana nuna mini haruffan da muke koya a ajin yaƙi da jahilci, ina bin su da baki. Wata rana ƙarar ta ragu. Wata rana kuma in rantse ta ƙaru, alhali ban taɓa komai ba. A hankali dai ta bar saman wuyan. Sai ta ɓullo can ƙasa. Na sake hawa tudu, mai shagon ya ce in ɗaga jakin, wato ƙarfen da wayoyin ke hawa a can ƙasa, da ƙaramin makullin. Na ɗaga, wayoyin suka yi nisa har yatsuna na ciwo. Na sauke, ƙarar ta leƙo. Na tsaya a tsakiya.

Ranar gwaji na ƙarshe Mama ta sa ni na kaɗa ni kaɗai. Ta karkata kai tana saurare.

"Akwai saura."

"Akwai, Mama, a wuri ɗaya. Ban san dalili ba."

"Waƙar shigo da hatsi tana bi ta wurin?"

"Tana bi."

Mai kibod ya fara motsa yatsun hannunsa na hagu. Sai Mama ta juya gare shi ta ce, "Sauko mana da muryar waƙar. Dama tsofaffi na kukan ta yi musu sama."

Da aka sauko da ita, waƙar ta daina bi ta wurin. Amma duk inda yatsuna suka saba zuwa ya canja. Ranar Lahadi mata suka shigo da dammunan dawa a ka, suna rawa zuwa gaban coci, ni kuma ina tsaye da jitar ina laluben sababbin wuraren. A tsakiyar waƙar na ɓata, na tsaya a kan waya ɗaya ina bugawa har amshi ya zagayo. Mama ta harare ni ta saman tabarau, ba ta ɗaga hannu ba, na kama amshin muka ci gaba.