Irin Geron Fasto

Ni ban wuce aji huɗu ba, amma na tsufa ina awon hatsi a kasuwar Jibiya, saboda haka in ana zancen gero ni ma farfesa ne.

Maƙwabcina Kirista ne, Bahaushe daga kudancin Katsina, yana facin taya a bakin hanyar Maraɗi, inda manyan motoci ke jan layi. Fasto nake ce masa, ko da yake ko ƙararrawar coci ba a taɓa ba shi ya kaɗa ba. Shi kuma ya ce mini Liman. Ba wanda ya cuci wani.

Yana da 'yar gona wajen Magama. Kowane manomi ya san tsarin: in an yi girbi, sai a tsince manyan zangarniyoyi masu cikar ido a ɗaure daban, irin baɗi ke nan. Fasto ma ya tsince. Sai dai su suna da wata Lahadi ta godiyar kaka, kowa ya kai coci abin da gonarsa ta ba shi. Ranar da safe na gan shi yana ɗaure damin irin nan a bayan babur.

Na ce, "Fasto, ina za ka da iri?"

"Coci, Liman."

"Shuka za ku yi a ciki?"

Ya ce su ba sa kai wa Ubangiji saura, mafi kyau ake kai masa. Na gyara zaman hula na yi masa karatu: mu a zakka matsakaici ake fiddawa, ba na ƙwarai ba, ba na banza ba. Ya ce madalla, ya tada babur.

Lokacin iyaka a rufe take, direbobin Nijar sun maƙale, guzuri ya ƙare. Mutanen coci suka surfe geron, suka dama kunu suka kai musu. Da idona na ga irin Fasto yana wucewa ta maƙogwaron wani ƙaton direba, har da lashe ludayi.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ga shi a rumfata yana kallon buhuna. Geron kasuwa gauraye ne, ba iri ba ne. Na auna masa tiya biyu daga na gidana, na sanar da shi cewa matsakaici ne, bisa ƙa'ida. Gonar ma matsakaicin ta yi masa. Matarsa ta faɗi ra'ayinta, mun ji ta katanga.

Da kaka ta zagayo, ya shigo gidana da damin iri a kai.

"Liman, aje mini wanga cikin rumbunka. Ko na zo ina roƙo, kada ka ba ni sai ruwa ya sauka."

Ana gobe godiyar tasu ya yi sallama.

"Liman, damin nan."

"Wane dami?"

"Rabi kawai."

"Amana ce, Fasto. Mai ita ya ce kada in ba ka."

Ya tsaya ya dube ni, ya juya. Washegari ya kai coci geron da ke bi wa irin a kyau, ya haɗa da zakaransa don lamiri ya kwanta. Da damina ya zo ya karɓi irinsa cif.

Har yau haka muke yi. Zakara dai ba a ba ni ajiyarsa ba.