Abin da Muka Ɓoye wa Baba

Tun ranar da likita ta ce Baba yana da hawan jini, gidanmu na Zaitawa ya koma gidan ƙus-ƙus. A saninmu tunani ne ke kawo ciwon, don haka muka yanke shawara cewa mummunan labari ba zai ƙara shiga kunnensa ba. Ƙanwata ta yi ɓari, aka ce masa zazzaɓi ne.

Har rasuwar amininsa, wanda suka shekara arba'in suna ɗinki a zaure ɗaya a Ƙofar Mazugal, sai bayan sadakar uku ya ji a bakin wanzami. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Har da kai aka hana ni zuwa jana'izarsa?"

Na ce, "Baba, lafiyarka muke tattali."

Bayan wata biyu ya faɗi yana alwalar la'asar, a ranar da babu abin da ya ɓata masa rai. Ɓarin jikinsa ya shanye. A asibiti likita ta tambaye mu yaushe rabonsa da shan magani. Ashe maganin ya ƙare tun kafin azumi, shi kuma da ya ji garau bai sake saye ba. Ta ce wannan ciwo yana ɓarna ko mutum yana dariya.

Har yau ina jin haushin kaina. Mu bakwai muna gadin kunnensa, amma babu wanda ya taɓa buɗe kwalin maganin nan.