Tantabarun Baba a Zanen Inna

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, na aika mota can bayan Tsafe a ɗauko Inna ta dawo wurina a Gusau, inda nake koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Lokacin Baba bai shekara da rasuwa ba. Tantabarun da ya bari saura biyu, mace da namiji, Inna kuwa ta ce ƙafarta ƙafarsu.

Direba ya ce babu wurin kwando, kaya sun cika mota. Sai Inna ta naɗe tantabarun a zane, ta ɗaure tamau a ƙirjinta don kada su tashi a hanya, ta bar kawunansu a waje su sha iska.

Na tare ta a zaure. Ko ruwa ba ta sha ba ta hau kwance ƙullin. Duk biyun sun mutu, wuya ya langaɓe, jiki da sauran ɗumi.

"Mi ya same su, ɗiyata?" in ji ta. "Ban toshe musu hanci ba."

Da ma shiru na yi. Amma bakin da ya saba da aji ya riga ni. Na ce, "Inna, numfashin tsuntsu daban yake da namu. Huhunsa ƙarami ne, manne da haƙarƙari, ba ya kumbura. Wasu jakunkunan iska ne a ƙirjinsa da cikinsa suke ja suna turawa, kamar zugazugin maƙeri. Su kuma ba sa aiki sai ƙashin ƙirji ya motsa. In aka matse shi, ko baki na buɗe..."

A nan na ga fuskarta, na tsaya.

Ta daɗe tana shafa fiffiken namijin. Can ta ce, "Duk ramin da mota ta faɗa, sai in ƙara ɗaurewa. Ashe ni ce."

Na ce ai ba ta sani ba, kwanansu ne ya ƙare. Ta ce haka ne. Amma ta hana a kai su juji. Da kanta ta tona rami a gindin darbejiyar tsakar gida.

Bayan mako guda na sayo mata wasu biyu a kasuwa. Kullum da safe takan watsa musu gero daga bakin ƙofa, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya a hannu ba. Shekara biyu ta yi a wurina. A Gusau muka yi mata sutura, ba ta sake ganin ƙauyen ba.