Sawun Yayana a Tsakar Gida

Sharar safe aikina ce tun ina ƙarama. Tsakar gidanmu a Keita yashi ne mai laushi, wanda Baba ke sa a ɗebo daga ƙorama duk bayan damina, kuma duk wanda ya taka shi sai ya bar shaida. Ni ba mai magana ba ce. A lakwal, wato makaranta, ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in mushe, wato malaminmu, ya kira ni sai muryata ta maƙale. Amma kafin in sa tsintsiya nakan tsaya in duba ƙasa. Na san sawun Baba da nauyin dunduniyarsa, na san silifan Inna na dama da ya tsage a gefe, na san inda akuya ta kwance ta je ta leƙa rumbu. Sawun yayana ya fi kowanne sauƙin ganewa. Yatsunsa a baje suke, dunduniyarsa kuwa da ƙyar take taɓa ƙasa, kamar kullum yana shirin zabura.

Shekara huɗu ya ba ni. Ɗan ƙwallo ne, da ƙafar hagu yake wasa, a gefen fili. In ya sami ƙwallo yakan ɗan tsaya kamar ya manta abin da ya kawo shi, sai mai tsaron baya ya miƙo ƙafa, sannan ya zame ya bar shi yana dafa ƙasa. Mai horar da ƴan unguwarmu shi ne mushen wasanni na kolej ɗinmu, kuma shekara biyu yana ajiye Yaya a kan benci. Sai saura minti goma a tashi yake sa shi.

"Ƙahwa kana da ita," in ji mushe, "huhu ne babu. Ka yi gudu biyu ka kama kwankwaso awa tsohuwa ta dawo daga rijiya."

Yaya yakan dawo da rigar wasansa fes. Inna ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. Takan ɗaga rigar ta shinshina, ta ce da ni, "Wagga ba ta ga wahala ba. Mayar ma yayanki, kar a ɓata sabulu." Yakan yi dariya tare da mu, amma ranar ba ya cinye tuwonsa.

Daga nan ya fara hawan dutsen da ke bayan gari. Da sanyin safiya ya hau da gudu ya sauko, da yamma bayan an taso daga gona ya sake. Ranar farko ya yi amai a gindin wata ƙaya, ƴan kiwo suka kawo mana labari suna dariya. Bayan wata uku sun daina dariya, wasu ma suna binsa su gaji a rabin hanya. Har sawunsa ya nuna. Tazarar da ke tsakanin taku da taku ta ƙaru, na lura da haka tun kafin kowa ya ce ya canza.

A shekarar da na gama aji na biyu a kolej, aka yi gasar babban hutu da damina, kuma Yaya ya buga kowane wasa daga farko har busar ƙarshe. Rigarsa ta koma ja da ƙasar fili, Inna tana wanki tana mita, bakinta kuwa ya ƙi rufuwa. Ƴan unguwarmu suka kai wasan ƙarshe, za su kara da wani ƙauye na kan hanyar Buza. Aka ce wani mutum zai zo daga Tawa ya zaɓi yaran da za a tafi da su. A gida kuma Baba ya riga ya yanke magana: da an cire amfanin gona, Yaya zai bi ƙanen Baba zuwa Abijan neman abin kansa. In mutumin Tawa ya ɗauke shi, to Baba zai sake tunani. In bai ɗauke shi ba, shi ke nan.

Saura kwana biyar a yi wasan, wanda aka sa ranar Lahadi, na fito da tsintsiya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Daga ƙofar ɗakin Yaya zuwa randa, ƙafar dama ta nutse cikin yashi har da dunduniya. Ta hagu kuwa yatsu ne kawai, kuma bayan kowane taku akwai ɗan siririn layi, alamar an ja ta. Na bi sawun har bayan rumbu. Yana zaune a kan turmi, ya naɗe wando, yana ɗaure gwiwarsa da yankin tsohon zanen Inna. Gwiwar ta kumbura, fatar tana sheƙi.

"Mi kinka gani?" ya ce.

Na sunkuya ina gyara ɗaurin tsintsiya.

"Ke, mai idon shaho. Mi kinka gani?"

"Ƙahwarka, Yaya."

Ya gaya mini jiya a gona ya tsallake jerin duwatsun nan na tare ruwa, hauya a kafaɗa, ya sauka a kan wani jiƙaƙƙen dutse, dutsen ya juya da shi. Duwatsun da Inna take cewa ita da kakarmu suka ɗauko su da ka lokacin aikin gyaran ƙasa.

"Targaɗe ne," ya ce. "Kwana biyu ya wuce. In Inna ta ji, Baba ya ji. In Baba ya ji, mushe ya ji, in koma benci. Shekara biyu ina ɗumama katakon nan, kin sani. Kar ki hwaɗa ma kowa."

"In ta ƙaru fa?"

"Bayan Lahadi a yanke ta ma in ana so." Ya ja mini kunne a hankali. "Yaya anka yi kinka gane?"

Na nuna masa ƙasa. Ya daɗe yana kallon sawun nasa, sannan ya ce, "To ki riƙa farawa ta nan."

Haka na yi. Kullum kafin Inna ta fito hura wuta, na share daga ƙofarsa zuwa randa, daga randa zuwa zaure. A gaban mutane yana tafiya a miƙe, sai dai na ga jijiyar wuyansa tana tashi duk lokacin da ya taka. Ya daina zuwa masallaci da asuba, don ba ya iya lanƙwasa gwiwar a zaman tahiya, ya ce wa Baba gajiya ce. Ni nake ɗora masa ruwan zafi in ce na wanka ne, ya gasa wurin, ya shafa man kaɗanya. Ya sayo wasu ƙwayoyi ja da fari wajen mai tebur. A filin horo kuma ya ce wa mushe yana tanadin ƙarfinsa ne.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Baba da Yaya suna gona, Inna ta tafi barkar haihuwa. Na leƙa, sai ga mushen wasanni riƙe da babur ɗinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Yayanki na nan?"

"Shina gona, mushe."

"To, ke ma kin isa." Ya jingine babur ɗin. "Jiya na ga kamar shina tausaya ma ƙahwar hagu. Na tambaye shi, ya ce takalmi ne ya matse shi. Ke da kuke gida guda, kuma an ce ba abin da ke wuce ki. Shina ɗingishi?"

Ban iya kallon fuskarsa ba. Takalminsa nake kallo, igiyar ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya.

"Ba faɗa za ni yi mai ba," ya ce. "Gwiwa ba a wasa da ita. In akwai wani abu, in hutar da shi. Yaro ne, akwai baɗi."

Na san babu baɗi. Na kuma san yadda gwiwar take a safiyar nan, don ni na riƙe masa bakin zanen yana ɗaurewa, kuma kumburin ya sauko har ƙwauri. Maganar tana bakina. Da ya ƙara yin shiru kaɗan, ina jin da ta fito. Sai wani yaro ya wuce da jaki ya gaishe shi, ya amsa, ya juyo gare ni.

"A'a, mushe," na ce. "Ban ga komi ba."

"Madalla," ya ce, ya tada babur ɗinsa.

Ranar Lahadi bayan la'asar gari duka ya tafi fili. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasar ta yi tauri a sama, tsakuwa ta fito. Mu ƴan mata muka tsaya can baya wajen katangar lakwal, kusa da masu sayar da dafaffiyar gyaɗa. Ƴan ƙauyen sun zo cike da babbar mota, da ganga. Mutumin Tawa yana zaune a kujerar roba cikin rumfa, da hular hana sallah, yana ta duba wayarsa. Yaya ya shigo da doguwar safa, ya ja ta har ta rufe ɗaurin.

"Kai, lamba sha ɗaya!" wani ɗan ƙauyen ya yi ihu. "Wagga sandar rake ce za ta ci mu?"

"Tsaya ka gani, baƙauye!" ƙawata ta rama. Ni kuwa ƙafar Yaya nake kallo.

Sau biyu ƙwallo ta zo masa ya mayar da ita da dama, abin da ba ya yi. A karo na uku ya tsayar da ita da hagu. Wani dogon mai tsaron baya ya taso masa. Yaya ya yi tsayuwar nan tasa, dogon ya miƙo ƙafa, ya zame ya wuce. Na biyu ya zo, ya tura ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa. Fili ya ɗauki ihu, har masu gyaɗa suka miƙe. Ya bugo ta tsakiya, ɗan gabanmu ya sa kai, ta bi ta saman raga. Na ga mutumin Tawa ya ajiye wayarsa a cinya, ya karkata ya tambayi na kusa da shi wani abu.

Ba a daɗe ba aka sake jefo masa ita. Babu kowa kusa da shi. Ya kafa ƙafar hagu zai juya, jikinsa ya juya, ƙafar ta tsaya inda take. Ya faɗi. Bai yi birgima ba kamar yadda ƴan wasa ke yi don a ba su bugu. Ya kwanta a gefe ɗaya, ya cusa fuskarsa cikin ƙasa, yana dukan ta da tafin hannu.

Ƙawata ta duba wayar yayarta. Minti goma sha bakwai da farawa.

Mushe ne ya fara isa. Ya ja safar ƙasa, ya ga zanen Inna, mai zanen ganye kore. Ya ɗago kai ya duba wajen katanga. Ban sani ba ko ni yake nema, don na sunkuyar da kai. A amalanken jaki aka kai Yaya gida. An ce mun ci wasan da ɗaya, kuma mutumin Tawa ya tafi da yara biyu.

Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, aikin jijiya ne, ba nasa ba. Bayan sati biyu Baba ya kai shi asibiti a Tawa. Likita ya ce jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, ya tambaya ko wurin ya taɓa ciwo kafin ranar. Yaya ya ce a'a. An ce sai a Yamai ake irin aikin. Ana ta cewa bayan kaka, ana ta cewa bayan salla, har aka daina faɗa. Abijan ɗin ma bai je ba, don ƙanen Baba ya ce aikin can na ɗaukar kaya ne. Yanzu yana koyon ɗinki a bakin kasuwa, yana taka keken da ƙafar dama.

Da aka koma lakwal, mushe bai taɓa yi mini maganar ba. Yakan kira sunana a rajista kamar na kowa. Na fi son da ya zage ni.

Sau ɗaya na gwada yi wa Yaya maganar. Na kai masa fura a shago, maigidansa ya fita. Na ce, "Yaya, ranar da mushe ya zo gida, da na hwaɗa mai…"

"Da har yau ban yi miki magana ba," ya ce. Ya cije zare ya tsinke shi. "Ke dai hwaɗa mini gaskiya, tunda ke ba abin da ke wuce ki. Dogon nan da na wuce, ya dahwa ƙasa ko bai dahwa ba?"

"Ya dahwa. Da hannu biyu."

"Da hannu biyu!" Ya yi dariya har ya buga keken. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce in tafi kar Inna ta neme ni.

Sawun bai koma yadda yake ba. Dama mai zurfi, hagu yatsu da ɗan layi a baya. Hannuna ya saba, har yanzu ta ƙofarsa nake fara shara. Wata safiya cikin sanyi ina tsakar yi, sai na ji Inna a bayana. Ban san ta fito ba. Tana riƙe da itacen hura wuta, tana kallon ƙasa.

"Bar shi, ɗiyata," ta ce. "Wa za ki ɓoye mawa yanzu?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Zanena ne ya ɓace," ta ce. "Kuma ba a wanka da ruwan zafi sau ukku a yini da damina. Ni ma na ce a bar shi ya kai Lahadi."

Ta wuce madafa. Na ji tana karya itace, ta daɗe tana hura wutar ba ta kama ba. Ni kuma na koma bakin zaure na faro sharar daga can, na bar nasa sai ƙarshe.