Rantsuwar Abla Ihsan

Abla Ihsan ta shekara goma sha tara tana koyar da Larabci a makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Damanhur, ƙasar Masar, kafin ajinmu ya zo hannunta. Abla muke ce wa kowace malama. Gajeriya ce mai kaushin murya, kullum bakin hannun rigarta fari fat da alli. Ba ta taɓa aure ba. Ita da mahaifiyarta ke zaune a saman shagon wani mai sayar da wake da gurasa.

Ranar farko da ta ba mu insha'i, muka ƙura wa takarda ido muna tauna gindin biro. Ta zagayo ta tsaya a kaina.

"Ke Basma, minti ashirin, Bismillahi kaɗai? A tsakar makaranta bakinki ya fi rediyo."

"Abla, ban san me zan rubuta ba."

"Ƙarya kike. Jan birona kike tsoro."

Washegari ta raba mana ƙananan littattafai. Ta ce minti goman farko na kowane darasi kowa ta rubuta abin da ya zo mata, da Larabcin gida ba na littafi ba, babu maki, babu gyara. Wadda ta rasa abin faɗa ta yi ta rubuta "na rasa" har hannunta ya gaji ya kawo wani abu. Sannan ta ɗora hannu a ƙirji.

"Wallahi ba mai karanta su, har ni."

Bayan darasi takan tattara ta kulle a kabad ɗinta na ɗakin malamai. Kafin wata biyu, mu da ba ma iya cika layi uku, sai ta ƙwace biro daga hannunmu.

Tana da aminiya, Abla Awaɗif, tun suna kwaleji. Tare suke karin kumallo, tare suke komawa gida. A shekarar aka sa sunayensu su biyu cikin masu neman shugabancin sashen Larabci.

Wata Lahadi da safe muna kan layi, shugaban makaranta, Ustaz Shauƙi, ya fito da littattafanmu a hamata. Ya ce yau za a ji rashin tarbiyyar da ake koyarwa da sunan insha'i. Ya karanta inda wata ta kwaikwayi tafiyarsa, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya buɗe na Rihab, 'yar Hajj Mitwalli kafinta, ya kira sunanta a lasifika.

"Babana bai iya karatu ba. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau. Ba shi da tabarau."

Rihab ta ɗaga murya tana kuka: "Ka ƙarasa! Ka karanta na ƙasan!" Ya rufe littafin. Kafin azahar maganar ta kai kasuwa. Cikin makon mahaifinta ya mayar da ita Iskandariyya wajen gwaggonta.

Da Abla Ihsan ta shigo aji ba wadda ta miƙe. Ni na yi magana.

"Abla, kin rantse."

"Na rantse," ta ce. Ta juya ga allo.

Har ƙarshen shekara, duk insha'in da ta bayar farar takarda muke miƙa mata, da sunayenmu kawai a sama. Tana karɓa tana jerawa. Da aka dawo hutu an mayar da ita wata makarantar ƙauye, sai ta hau mota biyu take isa. Abla Awaɗif ta zama shugabar sashe.

Bayan shekara goma sha ɗaya na dawo makarantar a matsayin malama. Wata rana ana shan shayi, Abla Awaɗif da bakinta ta ba da labarin yadda ta ceci tarbiyyar yara. Ta ari makullin kabad ɗin wai za ta ɓoye sukarinta, ta kwashi littattafan ta kai ofis. Tana faɗa tana dariya.

Ran Juma'a na nemi Abla Ihsan. Ta yi ritaya, mahaifiyarta ta rasu, tana nan a ɗakin nan na saman shago. Ta gane ni tun daga matakala.

"Abla, ki yafe mana. Me ya hana ki gaya mana?"

"In ce muku me, 'yata? Ni na rantse, ni na ba da makulli."

Ta ce a ƙauye nahawu kawai ta koyar har ta bar aiki, ba ta sake cewa yaro ya rubuta abin da ke ransa ba. Ta juya cokali a kofi.

"Kin san da yammacin ranar Awaɗif ta zo nan yi mini jaje? Har lemo ta kawo wa mamata. Ta zauna a inda kike ɗin nan tana cewa Allah ya tona asirin wanda ya ɓalle kabad ɗin. Na san ba a ɓalle shi ba. Na ce amin, na ɓare mata lemon, ta sha."