Wanzamin Roni da Tarin Inna Uwa

Kawuna Muhammadu Lawal wanzami ne a Roni, kuma a iliminsa duk wani tari a duniya belu ne ke kawo shi. Ka yi gyaran murya a gabansa, kafin ka rufe baki ya buɗe zabira. Rabin garin nan shi ya cire mana belu, har waɗanda ƙwarewa kawai suka yi da tuwo. Barnabas kuwa, malamin asibitin sha-ka-tafi, Kawu ba ya kiran sunansa, sai dai "mai tsire mutane", saboda allurar da yake yi.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, matarsa Inna Uwa ta kama tari. Mace ce mai dariya, tun daga bakin rijiya ake jiyo ta. Kawu ya cire mata belu, ya yi mata ƙaho, ya jiƙa sassaƙe. Wata uku tari bai ko gezau ba. Kullum da yamma zazzaɓi, ta tashi gumi ya jiƙe tabarma, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Dariyar ma ta daina, don da ta fara sai tari ya sarƙe ta.

Ran da ya ga jini a kakinta, Kawu ya goya ta a keke, ya ratsa tsakiyar kasuwa kowa na kallo, ya tsaya a ƙofar Barnabas.

"Malam," ya ce, "wannan ya fi ƙarfin askata."

Barnabas bai yi masa gori ba. Ya aika da kakin Kazaure aka duba, aka ce tarin fuka ne: ƙwayar cuta ce a huhu, a iska ake shaƙar ta in mai ita ya yi tari, ba ruwanta da belu. Allura kullum har wata uku, ƙwayoyi shekara ɗaya da rabi. In aka yanke a tsakiya, ciwon zai dawo ya fi na farko.

Wata huɗu Inna ta murmure, ta ce ai ta warke, ta gaji da haɗiya.

"Haba Uwa," in ji Kawu, "kin taɓa ganin na bar mutum da rabin aski?"

Kowace safiya shi ke miƙa mata ƙwaya da moɗar ruwa, in ta haɗiye ya ce ta buɗe baki ya gani. Leƙa bakin mutane dama sana'arsa ce. Ban taɓa ƙaunar tsohon nan kamar a watannin nan ba.

Ran da Barnabas ya ce ta warke sarai, Inna ta dubi mijinta ta ce, "To maigida, belun nawa da aka cire a banza, wa zai mayar mini?"

Ta tuntsire da dariya, doguwa, har ta ƙare tari bai biyo baya ba. Kawu, wanda bai taɓa runtse ido don ganin jini ba, ya zauna a dakalin asibiti ya rufe fuska da hula yana kuka.